Baƙin Bel Ba Ya Tare Wuƙa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan sammini fili a jaridar nan. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga in ban faɗe ta a inda iyaye za su karanta ba, haƙƙin wasu yara zai hau kaina.

Tun da ƙwacen waya ya zama ruwan dare a Kano, wata sabuwar kasuwa ta buɗe. Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya ga irin tallan. Saurayi ne da fararen kaya da baƙin bel, alamar ƙwarewa a wasanni irin su karate da judo, abokinsa ya kawo masa suka da wuƙar roba a hankali, hannu a miƙe, ya tsaya yana jira. Gwanin ya kama wuyan hannun, ya murɗe, ya juya, sai ga wuƙa a hannunsa, sai ga maharin a ƙasa yana bubbuga tabarma. A ƙarƙashi an rubuta: zo ka koyi kare kanka daga 'yan daba cikin wata uku. Ga lambar waya, ga kuɗin fom.

Ni ba baƙo ba ne a wannan harka. A gidan mahauta na tashi, kuma kowa ya san dambe gadonmu ne. Na ɗaure hannu ina saurayi, na yi kisa a fage an kuma kashe ni, kafin wani malaminmu na sakandare ya ja ni zuwa judo. Yau gemuna ya yi fari, amma har gobe ina horar da yara da yamma. In na soki abin, abincina nake taɓawa, ba na wani ba.

A 'yan shekarun nan, uba zai riƙo hannun ɗansa ya kawo mini, ya ce, "Malam, ga shi nan, a koya masa yadda zai ƙwace wuƙa a hannun ɗan daba." Amsata ɗaya ce: "Alhaji, wannan ba ni da ita, kuma duk wanda ya ce maka yana da ita, ka riƙe kuɗinka." Wasu su zauna mu yi magana. Wasu su ja ɗansu su tafi wajen wanda zai ce musu e.

Mu fara da yadda abin yake faruwa a titi, don tallan ya ɓoye shi. Ba mutum ɗaya ke zuwa ba. Biyu ne, uku ne, wani lokacin gungu guda. Bayan magariba ne, ko da asuba a hanyar masallaci, ko a bakin lungu inda ba fitila, ko cikin adaidaita sahu inda na damanka da na hagunka duk nasu ne. Ba sallama, ba wanda zai ce maka shirya. Wuƙar tana cikin hannun riga ko a ƙugu, kuma ba a nuna maka ita don ka yi nazarinta. Ka zauna da waɗanda aka soka suka rayu, da yawansu za su ce maka sun zaci naushi ne, sai da suka ji ɗumi yana bin riga. Sannan ba wuƙar yanka albasa ake magana ba, akwai ɗan buda, akwai barandami, akwai gariyo, akwai adda. Galibin yaran nan kuma a buge suke da ƙwaya. Duk dabarar da ta dogara ga cewa in ka murɗe wa mutum hannu zafi zai sa ya saki, to ta tashi aiki a kan wanda ba ya jin jikinsa. Gwamnatin Kano da kanta, a watan Mayun 2023, ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Ban taɓa jin mai hankalin da ya ce a tari ɗan fashi da hannu ba, amma da aka sauya wa abin suna aka ce ƙwace, sai kowa ya ga kamar faɗan 'yan makaranta ne.

Akwai gwajin da nake yi wa ɗalibaina, kuma ina so masu tallan nan su yi shi a gaban kyamarar da suke ɗaukar bidiyonsu. Nakan zaɓi wanda ya fi kowa ƙwarewa, in sa shi ya sa farar singileti. Sai in kira mafi ƙanƙanta, irin siririn yaron nan da iska za ta iya ɗauka, in damƙa masa jar maka ta rubutu a allo. In ce masa, "Kada ka yi masa irin ta fim. Ka ɗauka bashi kake bin sa, ka zane shi ta ko'ina, kada ka tsaya sai na busa usur." Daƙiƙa goma kawai nake ba su.

Na ƙarshe da muka yi, babban yaro ne mai ƙirar ƙarfi, ya ci lambobi a gasa, yara suna kiransa Oga. Ina busa usur ƙaramin ya yi kansa. Bai miƙa hannu ba, bai ɗaga makar sama ba. Da hagu ya cakumi singiletin, da dama kuma ya riƙa cusawa yana zarewa, gajere-gajere, a ƙasan haƙarƙari. Oga ya nemi wuyan hannun ya rasa, ya sake nema ya rasa, ya samu a karo na uku, ya juya ƙugu ya ɗaga yaron ya maka shi a katifa. Kayarwa ce mai kyau, da a gasa ne alƙali ya tashi wasan nan take. Yara suka ɗauki tafi. Na ce ya ɗaga hannuwansa sama ya juya. Jan layi a ciki, a hammata, biyu a gefen wuya, ga cikin damtsen hannun da ya kai kamun ya yi kaca-kaca. Ya tsaya yana duba jikinsa yana haki. Na ce, "Oga, ka ci wasa. Amma da wuƙa ce, da yanzu muna neman mai ba da jini." Ƙaramin kuwa, ko wata biyu bai yi da fara zuwa ba.

Wannan ba ganowata ba ce. A 1983 wani sajan ɗin 'yan sanda a birnin Salt Lake na Amurka, Dennis Tueller, ya auna ya ga mai wuƙa yana iya cinye tazarar ƙafa 21, wato mita shida da 'yan kai, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, kimanin lokacin da ɗan sanda yake buƙata ya zaro bindiga ya harba. Mai bindiga a ƙugu ke nan, wanda aikinsa ke nan, kuma ya ga maharin tun daga nesa. Ina ga ɗan sakandare da aka ritsa a kujerar bayan adaidaita, gwiwarsa a takure?

In kuma wani ya ce ai ɗalibaina ne ba su ƙware ba, to ga Leandro Lo, ɗan Burazil, wanda ya zama zakaran duniya sau takwas a jiu-jitsu, wasan kamawa da dannewa mai kama da judo. A watan Agustan 2022, a wani wurin shaƙatawa a birnin Sao Paulo, hatsaniya ta haɗa shi da wani ɗan sanda da ba ya bakin aiki. Ya kayar da mutumin ya danne shi, yadda ya saba yi wa zakaru. Da aka raba su, mutumin ya zaro bindiga ya harbe shi a ka. Yana da shekara 33. Duk Kano ba wanda ya kai shi iya kama mutum.

To, in haka ne, me ya sa ban rufe wurin horon na koma kan teburin nama ba? Saboda horon yana da amfani, amfani mai yawa ma. Ba dai inda ake tallata shi ba ne.

Kafin in zo nan, bari in raba wasannin, don ba duka suka zama ɗaya ba. Mu da muka taso muna kallon fina-finan China a Plaza da Orion da Eldorado, mun fito silima muna tsalle muna ihu, mun ɗauka sirrin yana cikin sunan wasan. Sai a 1993 aka yi gasar UFC ta farko a birnin Denver, aka zuba ɗan dambe da ɗan karate da ɗan sumo da sauransu a keji ɗaya, kusan ba doka. Royce Gracie, wanda bai kai yawancinsu jiki ba, shi ya cinye. Abin da masu lura suka ɗauka daga nan shi ne, ba sunan wasa ba ne, yadda ake horon ne. Wanda kullum yake gwabzawa da abokin da ke turjewa da gaske, yana neman kayar da shi, ya sha bamban da wanda yake naushin iska a layi yana ƙirga ɗaya, biyu, uku. Saboda haka in uba ya tambaye ni ina zai kai ɗansa, cewa nake ya je ya zauna ya kalli horon. In ya ga ana haɗa yara biyu-biyu suna gwada juna da ƙarfi, cikin kulawa, ana gumi, to akwai abin koyo. In ya ga kullum abokin gwaji yana faɗuwa tun ba a taɓa shi ba, ya yi musu sallama.

A wannan ma'aunin, namu na gida ba su da abin jin kunya. Ɗan dambe ya san ɗanɗanon naushi. Ya san yadda duniya ke juyawa in an same ka a muƙamuƙi, ya kuma san ana iya tsayawa bayan haka. Wannan ilimi ne da ba a samunsa a bidiyo. Ka je gidan damben da ke dandalin Ado Bayero a Sabon Gari, ko na Dei-Dei a Abuja, ka kalli ɗan Kudu da ɗan Arewa, ko Guramaɗa da Jamus, suna auna tazara, kowa ya miƙa hannun kariya, wato garkuwa, ya ja ɗaurarren hannu, wato mashi, baya. Sanin tazarar nan shi ne rabin faɗa. Amma ko a nan, dubi sharuɗɗan: mutum ɗaya da mutum ɗaya, a kan yashi, turmi uku, ga alƙali, da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare, makaɗa su ɗauka. A lungu in ka taɓa ƙasa, lokacin ne aka fara. Kuma ba zan ɓoye ba, na san tsofaffin 'yan damben da harshensu ya yi nauyi, hannu yana rawa, saboda dukan kai da suka sha. Ban yarda a kai ƙaramin yaro ya riƙa shan naushi a ka da sunan koyon kare kai ba.

Kokawa ta fi kwanta mini a rai ga yara. Duk wanda ya kalli gasar Takobi ta Nijar, wadda ake yi tun 1975, ya ga irin su Issaka Issaka na Doso, ya san ma'anar kafa ƙafa. Ɗan kokawa yana da wuyar turewa, yana da wuyar ja, kuma in aka cakume shi ba ya ruɗewa, don cakuma ce sana'arsa. Judo ƙanwar kokawa ce da ta sa riga. Wani malami ɗan Japan ne ya tsara ta a 1882, sunansa Jigoro Kano, kuma na gaji da gaya wa yara cewa ba ɗan Kanonmu ba ne.

Karate da taikwando fa? Ina girmama su. Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a taikwando a gasar Olamfik ta Beijin a 2008. Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a Riyo a 2016, shekara ta zagayo ya zama zakaran duniya. Irin waɗannan in suka same ka da ƙafa, sai dai a ɗauke ka. Amma dokar wasan tana ba da maki mai yawa ga dukan kai da ƙafa, shi ya sa yara suke ƙwarewa a ɗaga ƙafa sama. Sai ka gwada ɗaga ta cikin kaftani da silifa, a kan tsakuwa, a bakin kwata, mutum biyu suna gefenka. Mai tsaye da ƙafa ɗaya ko yaro ya ture shi.

Yanzu ga abin da na san horo yana bayarwa, wanda zan iya dafa Alƙur'ani a kansa.

Na farko, kuma wanda ba mai tallata shi don ba ya kyau a bidiyo, shi ne iya faɗuwa. Watannin farko a judo ba a koya maka kayar da kowa. Faɗuwa kake yi, ta baya, ta gefe, ta gaba, ka manne haɓa a ƙirji, ka bugi ƙasa da hannu, ka mirgina, har sai jiki ya riƙe ba tare da tunani ba. Sau da yawa in ka ji an ce naushi ɗaya ya kashe mutum, ba naushin ba ne, ƙeyar da ta bugi kwalta ce. A cikin tsofaffin ɗalibaina, waɗanda suka dawo suka ce horon ya cece su, kusan duk labarin faɗuwa suke bayarwa. Wannan babur ya watsar da shi a Kurna ya tashi da ƙujewa kawai, wancan an hankaɗo shi daga adaidaita tana tafiya, wani tsani ne ya zame da shi a wurin gini. Ɗan Najeriya zai faɗi daga babur sau nawa a rayuwarsa, zai yi faɗa da ɗan daba sau nawa?

Sai numfashi. Faɗan gaske na rabin minti yana zuƙe mutum fiye da yadda yake zato, gudun ceton rai ma haka. Yaron da yake horo sau uku a mako zai iya cin mita ɗari biyu da gudu ya isa inda mutane suke, ya kuma sami sauran iskar da zai yi ihu. Ina sa ɗalibaina gudu fiye da yadda suke so, kuma ina gaya musu dalili ƙarara. In sun yi dariya sai in ce, in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Sai natsuwa. In tsoro ya kama mutum, hannu yana rawa, gani yana tsukewa, kunne ya toshe, wasu ma su sandare a tsaye. Duk wata dabara mai matakai biyar tana zubewa a wannan lokaci. Wanda ya saba a shaƙe shi a danne shi a wurin horo, ya saba da bugun zuciyar, yana iya yin tunani a cikinsa. Tunanin kuma ba na yadda zai yi nasara ba ne, na ina ƙofa take ne, su nawa ne, hannun wancan me yake riƙe da shi. Sau tari wannan natsuwar ce take sa mutum ya miƙa waya salin-alin ba tare da wani motsin da zai firgita mai wuƙa ba.

A kan wanda ba shi da makami kuwa, horo yana aiki sosai. Ɗan ƙwaya da ya cakumi kwalarka a tasha, abokin rigima a layin mai, wanda ya riƙe wa yarinya hannu ya ƙi saki, duk waɗannan wanda ya yi shekara biyu yana kokawa ko judo da gaske zai iya ɓamɓare su ya tafi abinsa. Matsalar ita ce, a titi ba ka san wane ne ba shi da makami ba sai an gama.

Na ambaci yarinya, bari in ɗan tsaya a nan. 'Ya'yanmu mata sun fi samarin nan buƙatar wannan ilimi, kuma su ne ba a kawowa. Abin da ke samun su ba safai yake zama faɗa ba. Riƙo ne, ja ne, toshe baki ne, matsewa a lungu ne, kuma sau da yawa daga wanda suka sani. Akwai abubuwa 'yan kaɗan da suke aiki: fizge hannu ta wajen babban yatsan mai riƙon, don nan ne riƙo ya fi rauni, sauke nauyi ƙasa in an ɗauke ta ta baya, tashi da sauri in an kayar da ita, da buɗe murya. Muryar nan ita ce mafi wuya. Mun tarbiyyantar da su a kan kunya da sassauta harshe, abu ne mai kyau, amma na ga yarinyar da aka ce ta yi ihu a wurin gwaji ta kasa, sai murmushi take tana rufe fuska da hijabi. Dole a koya mata cewa akwai ranar da ihu ibada ne. Wannan aiki ne na malamai mata, a wuri mai sutura, cikin kayan da take sawa kullum. Muna da matan da suka yi judo da taikwando har suka wakilci jihohinsu, suna zaune a gida. Makarantun Islamiyya da na 'yan mata su neme su.

Abin da ya fi ba ni tsoro a tallan nan shi ne abin da yake sa wa yaro a zuciya. Mun san 'yan tauri, mun san saurayin da zai sha magani ya ɗaura laya ya shiga inda da can ba zai shiga ba. Ba zan buɗe gardamar tauri a nan ba, amma kowa ya sha jin labarin wanda ya je gwajin magani aka kwashe shi. To bel ɗin wata uku laya ce sabuwa. Yaron da da zai miƙa waya ya dawo gida yana ɓacin rai, yanzu zai tsaya ya gyara ƙafa, don an karɓi kuɗin babansa an ce masa ya iya. Wanda bai koyi komai ba ya fi shi tsira.

Samari sukan kawo mini hadisin da ya ce wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada. Hadisi ne ingantacce, ba mai ja. Amma na zauna da malamai a kansa, abin da suka fahimtar da ni shi ne, kare dukiya halal ne, ba wajibi ba ne, wanda ya miƙa don ya tsira da ransa bai yi laifi ba. Kuma Annabin da ya faɗi wannan, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Gaskiyar magana, yawancin masu turjewa ba shahada suke nema ba. Gorin majalisa suke tsoro, kada a ce ƙato da kai yara suka karɓe maka waya. Mu masu yin gorin muna da kaso a jinin. Wasu kuma abin da ke cikin wayar ne yake sa su riƙe ta, asusun banki da hotunan iyali. Wannan maganinsa tun a gida ne: a sa wa layi lambar sirri, a kulle manhajar banki, a danna *#06# a rubuta lambar shaidar wayar, wato IMEI, a ajiye, a san yadda ake rufe asusu daga wayar wani. Wanda ya yi haka, abin da za a karɓe masa ƙarfe ne da gilashi.

Ba ina cewa a miƙa wuya a kowane hali ba. In aka ce shiga mota, ko aka nufi jan mutum zuwa kango, ko ya ga ba dukiya ake so ba ransa ko mutuncinsa ake nema, to nan ba sauran lallashi. Ya yi da duk abin da Allah ya hore masa, dutse, kujera, jaka a gaban ciki, yashi a ido, ya sami kafa ya gudu. Zai ji rauni, ya sa wannan a ransa tun yanzu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, saboda haka ko ya kayar da ɗaya kada ya bi shi ƙasa, don takalman sauran suna jiran kansa.

Akwai kuma ɓangaren da ban taɓa jin mai talla ya ambata ba, wato kotu. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare kansa ko dukiyarsa. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta tabbatar da wannan haƙƙi tun daga sashe na 59, amma sashe na 62 ya ce kada cutarwar ta wuce abin da kariyar take buƙata. Kalmar gwargwado ita ce tarkon. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi a jihar Adamawa, wanda ya ce an kawo masa hari da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace ta ya soki maharin ya mutu. Kotu ta ga cewa da ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu. Hukuncin ya jawo ce-ce-ku-ce a ciki da wajen ƙasar, kuma kowa da ra'ayinsa. Ni abin da na ɗauka na kai wa ɗalibaina shi ne, ko ka yi sa'ar da ba a cika yi ba ka ƙwace wuƙar, daƙiƙa biyar da suka biyo baya za su iya kai ka gidan yari. Ɗan judo ma da ba ya riƙe makami, in ya ɗaga mutum ya maka shi da ka a kwalta, gawa zai bari, kuma alƙali zai ji cewa ƙwararre ne.

In da za a ba ni zaɓin darasi ɗaya da za a tilasta wa kowane wurin horo a Kano, tsayar da jini zan zaɓa. In babbar jijiya ta yanke a cinya ko a hannu, mutum yana iya ƙarewa cikin 'yan mintuna, tun ana neman adaidaita. A cire riga a dunƙule a danna kan raunin da ƙarfi, da nauyin jiki, kada a ɗaga don a leƙa. In ta jiƙe a ƙara wata a kai. In wuƙar tana jiki kada a zare ta. Kada a zuba ƙasa ko toka ko man birki. A kwantar da shi a nufi asibiti ana danne da wurin. Kuma jama'a su sani, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Ƙungiyar Red Cross tana koyar da taimakon farko, kuma darasin yini ɗaya ne ko biyu. Mutane nawa muka rasa a garin nan jama'a sun kewaye su suna salati suna ɗaukar bidiyo, ba wanda ya san ya durƙusa ya danna?

Ga 'yan'uwana masu horarwa, ku ci gaba da koyarwa, yaran unguwanninmu suna buƙatar wurin da za su zubar da ƙarfinsu da yamma, kuma na ga waɗanda tabarmar horo ta raba da daba. Ku karɓi kuɗinku, halal ne. Amma ku cire wuƙar roba daga tallanku, ko kuwa ku ba abokin gwajin jar maka ku ce ya yi da gaske, ku saki bidiyon yadda ya fito. Hukumar wasanni ta jiha da ƙungiyoyin judo da karate da taikwando su ma su riƙa tantance masu buɗe wuraren nan, don yanzu duk wanda ya sayi bel a kasuwa malami ne.

Ku kuma 'yan jarida, Malam Edita, ina da roƙo. In kun kawo labarin ƙwacen waya, kada ku tsaya a "an kashe wani matashi a unguwa kaza". Ku gaya mana ƙarfe nawa ne, maharan su nawa ne, a ƙafa suke ko a adaidaita, ya turje ko bai turje ba, a ina aka soke shi, minti nawa aka yi kafin a kai shi asibiti. Ku tara wannan na wata shida ku buga a shafi guda. Ni zan yanke shafin in manna a bangon wurin horona, in sa kowane sabon ɗalibi da babansa su karanta kafin in karɓi kuɗin fom.

Na gode. Allah ya tsare mu da zuri'armu.

Naka,
Wani mai horar da yara judo,
Gwale, Kano.